Kilim ɗin Corolla yana sanyi da safe, rana na yi ya ɗauke: gas ne ko kwamfiresa?

Abban_Nana:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar masu sanin kilim ɗin mota, wato na'urar sanyaya iska. Corolla ce ƙirar 2005. Da safe sanyi lafiya lau, amma da zarar rana ta take, musamman in na tsaya cikin cunkoso wajen Kasuwar Dole, sai iska mai ɗumi ta fara fitowa. In na hau titi na miƙe, wani lokaci sanyin ya dawo, wani lokaci sai na kashe mota ta huce. An ƙara mata gas tun farkon bazara, an sake ƙarawa, abin bai canja ba. Yanzu mai gyaran ya ce kwamfiresa ce, wato famfon da ke matsa gas, ta gaji, a sayo wata. Kafin in kashe wannan kuɗi ina so in ji ta bakinku.

Sanusi_Garin_Malam:
Wa alaikumus salam. Gas ne ya ƙare Alhaji, zafin Damagaram shanye shi yake. Kowace shekara sai an ƙara.

Laouali_Frigo:
Sanusi, a nan sai na gyara maka. Gas ɗin kilim ba mai ba ne da inji ke ƙonewa, zagaye yake yi cikin rufaffen bututu. In ya ragu, to akwai inda yake fita. Mota mai lafiya takan yi shekaru ba a taɓa gas ɗinta ba. Wanda ya ƙara maka gas bai nemi inda yake zuba ba, rabin aiki ya yi.

Alhaji, kada ka sayi kwamfiresa yanzu. Kwamfiresar da ta mutu ba ta ba da sanyi da safe. Tunda tana yi da safe, tana iya matsa gas ke nan, wani abu ne ke tsayar da ita in zafi ya yi yawa. Gobe da azahar, lokacin da sanyin ya ɗauke, ka tsaya, ka bar inji da kilim a kunne, ka buɗe murfin inji ka dubi gaban kwamfiresa. Fulin da bel ke ja kullum juyawa yake. Farantin da ke tsakiyarsa za ka duba: yana juyawa tare da fuli ko ya tsaya? Sannan fankar da ke bayan radiyata, tana gudu da ƙarfi, a hankali, ko ta tsaya? Amsar waɗannan biyu za ta rage mana rabin zato. Ka tattare riga da hannu nesa da bel.

Maman_Sani_Lantarki:
Ina bayan Maigida Laouali. In farantin ya tsaya, a sa mita a wayar da ke shiga kuloci, wato abin da ke jawo farantin ya manne da fuli. In akwai bolt 12 zuwa 14 amma faranti bai kama ba, matsalar a kuloci take. In babu wuta, wani ne ya yanke ta: ko rele, ko suwic ɗin matsi, ko na'urar jin sanyi da ke jikin ebaporata (inda iska ke yin sanyi kafin ta fito cikin mota), ko kwamfutar mota in ta ga inji ya yi zafi. Rele shi ne mafi sauƙi. Yana cikin akwatin fiyus kusa da batir, a Toyota da yawa an rubuta MG CLT a kan murfin. In ya yi daidai da na oda, a musanya su a gwada.

Abban_Nana:
Na gode ƙwarai. To in kulocin ne, me ya sa yake aiki da safe?

Maman_Sani_Lantarki:
Kulocin maganaɗisu ne. Akwai bobin, wato naɗaɗɗiyar wayar tagulla, a bayan fuli, in wuta ta shiga sai ta jawo faranti ya manne. Tsakanin faranti da fuli akwai ƴar tazara, a kwamfiresar Denso wajen rabin milimita, kada ta gaza 0.35, kada ta wuce 0.65. Shekara da shekaru ƙarfen yana cinyewa, tazarar tana buɗewa. Da safe bobin na da sanyi, ƙarfinta ya isa ta jawo faranti daga nesa. In ta yi zafi wayar tagulla ba ta ɗaukar wuta kamar da, ƙarfin jan ya ragu, ta saki ba ta iya sake kamawa ba sai ta huce. Gyaran ba sai an zubar da gas ba. A kwance ƙusar tsakiya, a zaro faranti, a bayansa akwai ƙananan rondel masu siriri, a cire ɗaya ko a sa wadda ta fi siriri, a mayar, a auna a wuri uku. Kada a matse fiye da kima, in tazara ta yi kaɗan faranti zai riƙa goga ko kilim na kashe, ya ƙone bobin. Ita bobin a auna ta, lafiyayya tana ba da om 3 zuwa 5.

Direban_Agadas:
Ni dai abin da na sani, gas na kilim ɗin ɗaki ya fi sanyi. Mutane na sa shi a manyan motoci, sun ce ya fi jure rana.

Laouali_Frigo:
Direba, don Allah kada wannan magana ta yaɗu. Na ɗaki, musamman tsofaffin kilim, R22 ne, na mota R134a. A zafin digiri 40, R134a a zaune yana nuna matsin bar 9 da ɗan kai, R22 kuma ya haura 14. Tiyo da zoben roba da kwamfiresar mota ba don wannan matsi aka yi su ba. Kwanakin farko za ka ji sanyi, daga baya tiyo ya fara tsatsa, kwamfiresa ta riƙa ɗaukar zafi. Wanda ya fi haɗari shi ne na firij, R600a, don shi yana kama wuta, kuma ebaporata cikin ɗakin mota take, gaban fasinja. Abin da ya dace da motarka yana rubuce a wata ƴar takarda da aka manna a ƙarƙashin murfin inji: irin gas da nauyinsa. Tsofaffin motoci na kafin tsakiyar shekarun 1990 R12 suke sha, shi an daina yin sa. Waɗanda suka fito Turai daga 2017 kuma R1234yf ne, bakin cikawarsu ma daban ne.

Moutari_Zongo:
Ƙari a kan haka, ba duk tulun da aka rubuta R134a ne yake ɗauke da shi tsantsa ba. Akwai gauraye a kasuwa. Hanyar ganewa ba tare da na'ura ba: a ajiye tulun a inuwa ya daidaita da zafin wurin, a sa mano, wato agogon awon matsi. A digiri 30 ya kamata ya nuna kusan bar 6.7, a 35 kusan 8, a 40 kusan 9.2. In ya yi nisa da haka, a mayar wa mai shi. Wannan gwaji ba ya kama kowane irin gauraye, amma yana kama da yawa.

Hadjia_Zeinabou:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Tawa iskar na da sanyi amma ba ta fitowa da ƙarfi ko na kai fanka ƙarshe, ga wari kamar na jiƙaƙƙen tsumma. Shi ma gas ne?

Moutari_Zongo:
A'a Hajiya, naki mai sauƙi ne in sha Allah. A buɗe akwatin takardu da ke gaban fasinja, a sauke shi, a bayansa akwai filta mai kama da takarda naɗaɗɗiya. Ƙurar hunturu ke toshe ta. A garin nan a canja ta bayan hunturu, kafin Afrilu. In an buɗe ba a sami filta ba, to ƙurar ta wuce ta manne a ebaporata, sai an wanke. Warin kuma ruwa ne ke kwana a ciki. Akwai ɗan tiyo da ke zubar da ruwa a ƙarƙashin mota, ɓangaren fasinja. In kin tsaya da kilim a kunne ba ki ga ɗigon ruwa a ƙasa ba, musamman da damina, ya toshe. A zura masa waya mai laushi. Kuma kafin ki iso gida ki kashe maɓallin kilim ki bar fanka ita kaɗai na ƴan mintuna, ciki ya bushe.

Hadjia_Zeinabou:
Allah ya saka da alheri Malam Moutari.

Ibro_Bakanike:
Mu koma kan motar Alhaji. Ni hankalina ya fi kwanciya da kondansa da fanka, ba kuloci ba. Ku duba abin da ya ce: a cunkoso take ɗaukewa, a kan titi ta dawo. Wannan alamar rashin iska ce. Kondansa ita ce ta farko a gaban mota, gaban radiyata, duk ƙura da ƙwari da ledoji ita ke tare su. Aikinta fitar da zafin da aka kwaso daga cikin mota. In iska ba ta ratsa ta, matsin ɓangaren sama ya yi ta hawa, in ya kai bar 31 zuwa 32 suwic ya yanke kuloci don kada wani abu ya fashe. Ga gwajin da ba ya cin ko dala: lokacin da sanyi ya fara raguwa, a watsa wa kondansa ruwa ta gaba. In sanyi ya dawo nan take, an gano ɓangaren. Sai a duba fanka. Tana iya juyawa amma gawayin motarta ya cinye, ba ta kai gudunta. Wata kuma bayan an yi wa mota gyaran gaba sai a haɗa wayoyinta a juye, ta riƙa tura iska waje maimakon ja. A ɗora takarda a gaban kondansa, in fanka na daidai takardar za ta manne.

Wajen wankewa, kada a kai bakin injin wanki mai ƙarfi kusa, yana kwantar da ƙananan haƙoran alminiyom ɗin. Ruwa mai sauƙi, kuma a leƙa tsakanin kondansa da radiyata, nan datti ke taruwa ba a gani.

Maman_Sani_Lantarki:
Ibro, ban musa ba, amma ya kuma ce wani lokaci sai ya kashe mota ta huce. Matsi in ya sauka suwic na mayar da kuloci da kansa cikin minti ɗaya ko biyu. Wanda sai an jira ya huce, wannan halin bobin ne. Ba mamaki duka biyun ne.

Laouali_Frigo:
Akwai na uku da ba a ambata ba, kuma shi na fi tsoro tunda an yi ta ƙara gas. Alhaji, da aka ƙara, an sa famfon zuƙe iska? An ɗora tulu a sikeli?

Abban_Nana:
A'a Maigida. Tiyo ɗaya ya haɗa, yana buɗewa yana taɓa bututu da hannu har ya ce ya yi.

Laouali_Frigo:
To ka gani. Corolla irin taka gas ɗinta wajen rabin kilo ne, ainihin adadin yana kan takardar da na faɗa, kuma sassaucin da aka bari bai wuce giram 30 sama ko ƙasa ba. Hannu ba ya auna giram 30. In gas ya yi yawa, kondansa ta cika da ruwan gas, wurin fitar da zafi ya ragu, matsi ya hau, sanyi ya ragu. Mai mota ya koma ya ce ba sanyi, a sake ƙarawa, abin ya ƙara lalacewa. In kuma ba a fitar da iskar da ke cikin tiyo ba kafin a buɗe, iska ta shiga, ita kuwa ba ta zama ruwa, sai ta tsaya a kondansa tana ɗaga matsi. Iska na zuwa da laima, laima ta daskare a bakin detanda, wato ƙaramin bawul ɗin da ke sakin gas zuwa ebaporata, ta toshe hanya, sanyi ya ɗauke, ka kashe mota ƙanƙarar ta narke, ya dawo. Wannan ma ya yi kama da abin da ka bayyana.

Ka je wurin mai mano mai agogo biyu, shuɗi na ɓangaren ƙaramin matsi da ja na ɓangaren babban matsi. Ƙa'idar Toyota: inji a juyi 1500, fanka a ƙarshe, sanyi a ƙarshe, ƙofofi a buɗe, iska mai shiga tana digiri 30 zuwa 35. Shuɗi ya nuna bar 1.5 zuwa 2.5, ja 14 zuwa 16. Da ranar bazara a nan ja zai haura haka, 18 zuwa 22 ba abin tayar da hankali ba ne. Duka biyu a ƙasa, gas ya yi kaɗan. Duka biyu a sama, ko gas ya yi yawa, ko iska, ko kondansa ba ta hucewa. Shuɗi ya faɗi zuwa sifili ko ƙasa, hanya ta toshe. Shuɗi a sama, ja a ƙasa, suna neman haɗuwa, a nan ne kawai za a ce kwamfiresa ta gaji.

Sanusi_Garin_Malam:
Na ƙaru. To yaya ake gane inda yake zuba?

Moutari_Zongo:
Ido tukuna. Gas na tafiya da mai, duk inda ya fita yana barin danshin mai, ƙura ta manne ta yi baƙi. A duba kusurwoyin kondansa, mahaɗar tiyo da ƙarfe, gaban kwamfiresa bayan faranti, da bakunan cikawa biyu, don ƴar allurar cikinsu irin ta taya ce, tana saki. In ba a gani ba, a kwashe gas, a cika da azot, wato iskar naitirojin, bar 10 zuwa 15, a bi da ruwan sabulu. In allura na sauka ba a ga kumfa ko'ina ba, sai a zargi ebaporata, ita sai an kwance tablo, wato allon gaban direba. Akwai kuma rini da ake zubawa a duba da fitila mai shuɗin haske bayan kwanaki.

Abu ɗaya da nake roƙo: kada a taɓa gwadawa da tulun oksijin na masu walda. Oksijin da mai a ƙarƙashin matsi fashewa suke. Iskar masu faci ma ba ta dace ba, ruwa ne cike da ita.

Abban_Nana:
Na dawo da bayani. Mun auna da la'asar, mota ta ɗan tsaya a inuwa. Kafin a tayar, agogo biyu suna bar 12. Da aka kunna, shuɗi 3.5, ja ya fara daga 22 yana hawa har 30 da wani abu, faranti ya saki. Da aka watsa ruwa ja ya sauko 18, sanyi ya dawo. Fanka na juyawa amma takarda da ƙyar ta manne. Akwai baƙin danshi a ƙasan kondansa ta hagu. Tazarar kuloci 0.8.

Ibro_Bakanike:
Alhamdu lillahi, kwamfiresar da ke kai bar 30 ba gajiyayya ba ce. Fanka da kondansa ne, kamar yadda na zata.

Laouali_Frigo:
Kwamfiresa ta fita daga zargi, a nan mun haɗu. Amma Ibro, dubi 12 ɗin nan. R134a ba ya kai bar 12 a zaune sai wajen digiri 50. Ko dai zafin inji bai gama fita ba, ko akwai iska ko wani gas a ciki. Alhaji, a sake aunawa da sassafe kafin a tayar da mota, a rubuta zafin garin a lokacin. Ko ma mene ne, tunda kondansa na zuba, gas ɗin fita zai yi. Ga yadda aikin ya kamata ya tafi. A kwashe tsohon gas cikin tulun da ba kowa, ba a sake shi a fuskar mutane ba, kuma kada a mayar da shi. A canja kondansa. Tsofaffi masu bututu ɗaya mai lanƙwasa suna karɓar walda, irin ta wannan mota mai ƙananan hanyoyi kamar ƙofar allura ba ta riƙewa. A sa sabon buhun busarwa mai tsotse laima daga gas, a yawancinsu yana cikin bututun da ke gefen kondansar. A canja zoben roba duk inda aka kwance, irin na kilim, a shafa musu man kwamfiresa kafin a ɗaura. A ƙara mai mililita 40 a madadin wanda ya tafi da tsohuwar kondansa, PAG 46, wanda Denso ke kira ND-8, daga gwangwani sabon buɗewa don yana shan laima da sauri. A zuƙe iska minti 30 zuwa 45, a rufe, a jira minti 15 a ga allura ba ta motsa ba. Sannan a cika da sikeli.

Ga yaran da ke koyo: in inji na aiki, famfon ja a rufe yake, in ba haka ba matsi zai koma cikin tulu. Kada a kifa tulu ana cikawa ta shuɗi kwamfiresa na juyawa, ruwan gas na karya bawul ɗinta. A sa tabarau, wannan gas a digiri 26 ƙasa da sifili yake tafasa, in ya taɓa ido ba wasa.

Direban_Agadas:
Kondansa sabuwa ko okaziyo ta Ƙofar Ruwa? Sababbin nan wasu ba su da kauri.

Ibro_Bakanike:
Kwamfiresa da motar fanka, okaziyo ta asali mai kyau ta fi sabuwa mai araha. Kondansa kuwa ba ka ganin cikinta. In motar da aka ciro ta kwamfiresarta ce ta niƙe, garin ƙarfen yana ciki, ba ya wankuwa, zai bi ya kashe taka. In dole sai okaziyo, a zuba ɗan mai a juye a kan farin ƙyalle. Ya fito baƙi ko da ƙyalƙyalin ƙarfe, a bar ta. Kuma wadda aka bar bakinta a buɗe tana shan ƙura a rumfa, ita ma a bar ta.

Maman_Sani_Lantarki:
Kafin a sayi motar fanka, a auna wutar da ke isa gare ta kilim na kunne. In ta gaza ta batir da bolt ɗaya ko fiye, matsalar a rele ko waya ko mas (wayar da ke haɗe da jikin mota) take, sabuwar fanka ma haka za ta yi. A ba ta wuta kai tsaye daga batir a ga gudunta. Kuma 0.8 ya wuce ƙa'ida, a cire rondel tun ana wurin, in ba haka ba za a gama komai a Mayu ta sake ɗaukewa a ce aikin bai yi ba.

Moutari_Zongo:
Ni da zan bi a hankali. A gyara fanka, a wanke, a rage tazara, duk ba sa buƙatar taɓa gas. A gwada danshin nan da sabulu a tabbatar zuba ce, don wani lokaci man inji ne ko na sitiyari ya fantsama. In ba zuba ba ce, an tsira da kuɗin kondansa.

Laouali_Frigo:
Gwajin sabulu daidai ne Malam Moutari, amma ko kondansa ta tsira, gas ɗin da ba a san nauyinsa ba kuma ba a san irinsa ba bai kamata ya zauna ba. Kuma in ba can ba ne, sai an nemo inda gas na farko ya bi ya fita.

Abban_Nana:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Gobe da sassafe za a sake awon a zaune, sannan a duba wutar fanka da sabulun. Maigida Laouali, in an gama, digiri nawa ya kamata in gani a bakin iska?

Laouali_Frigo:
Gilasai a rufe, maɓallin juya iskar ciki a kunne, fanka a matsakaici, ma'aunin zafi a bakin tsakiya, bayan minti 10 kana tafiya: digiri 6 zuwa 10. Da tsakar ranar bazara a tsaye, 12 ma ya yi. Ka turo mana adadin safen tare da abin da aka rubuta a takardar murfin inji.